Na yi sata ina yaro, mai kuɗin ya rasu: yaya zan sauke wannan nauyi?

Ɗan_Fagge
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau na ce bari in kawo shi nan tunda ba wanda ya san fuskata. Wajejen 1996, ina aji biyar na firamare, akwai wani dattijo mai tireda a bakin layinmu. Idan an kira La'asar sai ya ce in zauna a kan benci in kula masa da kaya. Kuɗin ciniki a gwangwanin madara yake zubawa, ya tura ƙarƙashin kanta ya ɗora kwalin ashana a kai. Ni kuwa sai na riƙa zarar naira 5, wata rana 10, in je in kama hayar keke. Idan ya dawo daga masallaci har alawa yake ba ni, ya dafa kaina ya ce Allah ya yi mini albarka. Wannan albarkar ita ta fi damuna yanzu. A ƙiyasina abin da na ɗauka duka ba zai wuce naira 300 ba. Ya rasu tun ina sakandare, amma 'ya'yansa suna nan, babban ɗansa ma muna gaisawa a masallaci. Shin wajibi ne in biya tunda ban balaga ba a lokacin? Idan wajibi ne, nawa zan biya? Kuma dole ne sai na buɗe baki na gaya musu?

Sarkin_Zumunci
Wa alaikumus salam. Haba ɗan'uwa, kada ka sa wa kanka hawan jini. Waye a cikinmu bai taɓa tsamo nama a tukunya ba, ko ya haura katanga ya tsinko mangwaro? Ƙuruciya ce. Ka yi istigfari, ka yi wa tsohon addu'a, shi ke nan.

Abu_Hafsa_Zariya
@Sarkin_Zumunci, a yi hattara, abu biyu ka haɗa wuri guda. Zunubi daban, haƙƙin mutane daban. Gaskiya ne hadisi ya zo cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Saboda haka ba a rubuta wa Ɗan_Fagge zunubin sata a lokacin ba. Amma dukiyar mutum ba ta halatta don wanda ya ci ta yaro ne. A fiƙihunmu na Malikiyya, yaro idan ya lalata ko ya cinye kayan wani, akwai lamuni a kansa: a biya daga dukiyarsa idan yana da ita, idan babu ya zama bashi a wuyansa har ya samu. Duk wanda ya karanta Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ya wuce wurin da aka ce mayar da kayan zalunci yana cikin tuba. Tunda mai haƙƙin ya rasu, kuɗin ya koma na magada ne. Ba a yin sadaka da shi alhali an san inda magadan suke, sai idan an nema an rasa. Allah ne mafi sani.

Sarkin_Zumunci
Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara. Amma naman tukunyar gidanmu fa?

Abu_Hafsa_Zariya
Wannan ka je ka durƙusa gaban Hajiya ka ce ta yafe maka duk abin da ka ci nata, wanda ta sani da wanda ba ta sani ba. Uwa ba ta jan irin wannan magana.

Ummu_Sumayya
Ni abin da ban gane ba shi ne kawo maganar nan. Annabi (SAW) ya ce duk al'ummarsa ana yafe musu sai masu bayyana saɓonsu, wanda Allah ya rufa masa asiri da dare, gari ya waye ya tona wa kansa. Da ka sami malami a keɓe ka tambaye shi. Yanzu ga shi kowa zai fara zazzage nasa.

Malama_Bilki
Yaya Ummu_Sumayya, hadisin nan ingantacce ne, amma a kan mai alfahari da saɓo yake magana, wanda zai zauna a majalisa yana ba da labari ana shewa. Wannan bawan Allah ya ɓoye sunansa, ya ɓoye na mai tireda, hanyar fita yake nema. Ni malamar firamare ce, kuma wallahi tun da na karanta nake tunanin yaran ajina. Kusan kowane mako sai an kawo mini ƙarar ɓatan biro ko kuɗin tara. Da bulala nake fara tambaya. Yanzu ina ganin da ina koya musu yadda ake mayar da abu cikin rufin asiri da ya fi.

Mai_Shago_Singa
Kan maganar nawa za a biya, kada wanda ya ce maka naira 300. A 1996 litar fetur naira 11 ce a gidan mai, kuɗin da ka ɗauka ya sayi lita 27 har da canji. Tun da aka cire tallafi a 2023, naira 300 ko rabin lita ba kullum take saya ba. Idan ka miƙa wa magada ɗari uku a yau ka san a zuciyarka ba ka biya ba. Ni ɗan kasuwa ne, abin da zan ce ka tuna kayan da ke cikin tiredar, sukari ne, sabulu ne, ashana ce, ka ƙiyasta yawan abin da kuɗin zai saya a lokacin, ka biya kuɗinsa na yau.

Abu_Hafsa_Zariya
Alhaji, a nan akwai saɓanin malamai, kada mu rufe ƙofa. Mafi yawa sun tafi a kan ana biyan kuɗi da kwatankwacin adadinsa ko da darajarsa ta tashi ko ta faɗi. Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, shi ya ce a duba ƙima idan darajar ta canza. Wasu kuma suka bambanta tsakanin bashin da aka bayar da yardar rai da abin da aka ɗauka ba da izini ba, suka ce na biyun ya fi cancantar a tsananta. Ni ma abin da ka faɗa ya fi kwanta mini a rai, sai dai ba zan ce wanda ya biya adadin kawai bai bi maganar malamai ba.

BaMaraɗiya
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu ma nan mun san wannan lissahi. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, wanda ke bin ka jikka guda ya kwana ya tashi kamar rabinta yake bi. Ni ina ɗiya ƙarama ina yi wa wata maƙwabciyarmu tallan ƙuli-ƙuli, kullum sai in rage dala guda ko biyu (dala a wajenmu sefa 5 ce) in ce sun faɗi. Da na yi aure na samu abin hannuna, sai na sayi turmin atamfa da sabulu na kai mata, na ce Inna akwai haƙƙinki da na ci ina yarinya, ki yahe mini. Ba ta tambaye ni ko nawa ba ne. Ta ce ta yahe duniya da lahira, ta kama hannuna tana ta kuka, wai ita ma tana tsoron ko ta ci haƙƙina na rana da ta sa ni yawo. Shawarata, Ɗan_Fagge, ka daina lissahin lita. Ka kai abin da kai kanka ka san ya wuce abin da ka ɗauka.

Barista_Kd
Ta fuskar doka, don masu tsoron kada furuci ya ja musu: sashe na 50 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa ya ce abin da yaro ɗan ƙasa da shekara 7 ya aikata ba laifi ba ne, haka ma wanda ke tsakanin 7 da 12 idan hankalinsa bai kai ya gane sakamakon abin da yake yi ba. Ba wanda zai ja ka kotu kan wannan. Amma idan abu ne babba da mutum ya yi bayan ya girma, ya nemi shawara tukuna, kuma ya tafi da dattijo. Na ga inda neman afuwa ya koma rigimar dangi saboda an je ba shiri.

Injiniya_Bichi
Ku ba ni dama in saka tawa. Nawa ba na mutum ɗaya ba ne. A makarantar kwana, ranar da muka gama jarrabawar ƙarshe, mu wajen goma muka bi azuzuwa muna farfasa gilasan taga da duwatsu, wai murna. Muka karya kujeru muka hura wuta da su muka dafa taliya. Na kai shekara 18 a lokacin, ba zancen ƙuruciya. Bara na kai ɗan yayata makarantar, na tarar tagogin nan har yanzu kwali aka toshe su da shi, ga hunturu. Wannan wa zan je in roƙa? Gwamna?

Abu_Hafsa_Zariya
Injiniya, dukiyar jama'a ta fi nauyi domin masu haƙƙin ba su ƙirguwa. A mayar da ita inda aka ɓata ta. Ka sayi gilasan ko kujerun ka kai makarantar, niyyarka biyan bashi, ba sadaka ba. Kada ka bari a rubuta sunanka a jiki, kada a yi maka taron godiya.

Injiniya_Bichi
Na gode Malam. Muna da zauren 'yan ajinmu a WhatsApp, zan tayar da maganar a can. Na san wasu za su ce na cika tsanani, amma ko ni kaɗai ne zan yi aji ɗaya.

Mai_Shago_Singa
In koma kan Ɗan_Fagge. Ka san wani abu? Mu masu shago muna gane kuɗi ya ragu ko naira ɗaya ce. Mai tireda da ke zuba ciniki a gwangwani ya san abin da ke ciki. Ina kyautata zaton dattijon nan ya sani, ya yi shiru saboda mutuncin iyayenka, wataƙila ma ya yafe tun a lokacin.

Marainiya_Gusau
Tun ɗazu nake karantawa, kowa yana magana ta ɓangaren wanda ya ɗauka. Bari ku ji ta ɗaya ɓangaren. Ni a hannun kawuna na tashi bayan rasuwar mahaifina. Ina shekara 12 ɗan kunnen gwal na matarsa ya ɓace daga cikin kwalla. Gidan akwai yara bakwai, amma ni kaɗai aka kira ɗaki. Aka zazzage ƙullin kayana a tsakar gida, aka dake ni da wayar rediyo har bayana ya fashe, aka ce za a ja Yasin. Daga ranar ba a sake aikena da kuɗi ba. Idan baƙi suka zo sai in ji ana raɗa musu su ɗauke jakunkunansu. Sunan ya bi ni har lokacin aurena, sai da wata ta je ta gaya wa dangin mijin cewa ina da ɗan hali. Shekara uku da suka wuce ɗan kawun nawa, wanda yanzu babban mutum ne, ya turo mini kuɗi masu yawa ta banki, ya ce kyauta ce. Daga baya ƙanwarsa ta gaya mini shi ya ɗauki ɗan kunnen ya sayar. Na mayar masa da kuɗinsa. Ba kuɗi ya ɗaukar mini ba. Abin da nake so shi ne ya tsaya gaban mahaifiyarsa, tana raye, ya ce ba ni ba ce. Har yau bai yi ba. Don haka masu cewa a mayar a ɓoye, ku fara tambaya ko akwai wanda aka ɗora wa laifin.

Ummu_Sumayya
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yar'uwa Allah ya bi miki haƙƙinki. Na janye rabin maganata ta farko, irin wannan kam rufe shi zalunci ne.

Malama_Bilki
Na kasa haɗiye abincin da ke gabana. A makarantar kwana da na yi, idan abu ya ɓace, uwar ɗakin kwananmu takan sa kowa ta fita ta dunƙulo ƙasa a hannu, a zo a zuba a kusurwa ɗaya bayan ɗaya cikin duhu. Sau da yawa sai a tona a tarar da abin a ciki, ba a san wadda ta saka ba, ba a daki kowa ba. Da manya na yin haka a gidaje da ba a lalata rayuwar marayu da 'yan aiki ba.

Ɗan_Fagge
Yaya Marainiya_Gusau, maganarki ta hana ni barci. Akwai abin da ban faɗa ba a rubutuna na farko, na yi ta gaya wa kaina ba shi da alaƙa da tambayar. Alhaji Mai_Shago ya yi gaskiya, dattijon ya gane kuɗinsa na raguwa. Sai dai ba ni ya zarga ba. Akwai wani almajiri da ke share masa gaban tireda da safe, ya ɗebo masa ruwa, shi kuma ya ba shi ɗumame da 'yan kuɗin sabulu. Shi aka kama. Ina tsaye a wurin dattijon ya ƙwace robar bararsa ya jefar a kwata, ya ja shi da kunne har gaban malaminsu. Yaron yana rantsuwa yana kallona, domin ya san ni ma ina zama a wurin. Ban ce komai ba. Daga ranar ban sake ɗauka ba, kuma hakan ya ƙara tabbatar wa kowa cewa shi ne. Ko sunansa na gaskiya ban sani ba, da sunan garinsu ake kiransa.

Sarkin_Zumunci
Subhanallah. Ni da na ce ƙuruciya ce, ban san da wannan ba.

Abu_Hafsa_Zariya
To ɗan'uwa, yanzu tambayar ta canza. Kuɗin shi ne ƙaramin bashin. Ka tuna hadisin da Muslim ya ruwaito na matsiyacin gaskiya, wanda zai zo ranar alƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya yi wa wancan ƙazafi, ya ci dukiyar wani, a yi ta ɗibar ladansa ana biya. A wanda Buhari ya ruwaito kuma an ce wanda ya san ya zalunci ɗan'uwansa a mutunci ko wani abu, ya nemi warwarewa yau, kafin ranar da babu dinari babu dirhami. Kai yaro ne a lokacin, ina fatan ba a rubuta maka ba. Amma yau kai baligi ne, kuma kai kaɗai ka san gaskiyar da za ta wanke shi. Da kuɗi ne kawai da na ce ka saka a ambulan ka aika ba suna, ya isar. Yanzu kam sai ka faɗa wa iyalan marigayin da bakinka cewa almajirin nan bai ɗauki komai ba.

Zango_Kumasi
Gaisuwa daga Kumasi. Ni ban yarda a je a gaya wa 'ya'yan ba. Shekara kusan 30, wa ya tuna wani almajiri a cikinsu? Za ka zubar da girmanka da na gidanku a unguwa, yaranka su tashi ana nuna su, shi kuma wanda aka zalunta bai ma ji ba. Ka nemi almajirin shi kaɗai. Idan ba a same shi ba ka yi ta yi masa addu'a da sadaka.

Marainiya_Gusau
Malam Zango, girman da ake tsoron zubarwa ai da mutuncin wani aka saye shi. Kuma kada ka ce ba a tunawa. A gidan kawuna har yau idan cokali ya ɓace sai an ambaci sunana cikin wasa.

Tsohon_Gardi
Ni na yi almajirci, daga Gumel aka kai ni Kano ina ɗan shekara 8, don haka bari in yi magana. Abin da ya sami yaron nan bai tsaya a bakin tireda ba. Idan aka kawo ƙarar sata gaban alaramma, dukan da za a yi maka a tsangaya ya fi na waje, domin ka ja wa makaranta abin kunya. Sannan ka rasa gidan aiki, ka rasa ɗumamen safe, labari ya zaga layi babu matar da za ta sake ba ka wanke-wanke. Wasu daga nan suke gudu su shiga tasha. Amma neman sa ba shi da wuya kamar yadda kuke zato. Almajirai ba daga sama suke faɗowa ba, yawanci malam daga garinsu ko ƙauyukan kusa yake ɗebo su, ya san iyayensu. Ko alaramman ya rasu, za ka tarar ɗansa ko wani babban gardinsa ya gaje shi. Ka je da goro da ɗan abin sadaka, ka faɗi shekarar da sunan garin da ake kiran yaron da shi. Gardawan lokacin sun san juna, yanzu kuma kowa na da waya. Idan ka same shi kada ka fara da kuɗi. Ka fara da cewa ka san ba shi ya ɗauka ba.

Ɗan_Fagge
Malam Gardi, Allah ya saka da alheri. Tsangayar tana nan, na wuce ta ƙofarta ba adadi, ban taɓa tunanin shiga ba. Na yi magana da ƙanin mahaifina yau da safe, shi ne mutum na farko da na gaya wa da baki. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce zai raka ni wajen babban ɗan marigayin, amma shi ra'ayinsa irin na Malam Zango ne, a ba da kuɗin a ce tsohon bashi ne kawai. Ban amsa masa ba tukuna.

Barista_Kd
Idan za ka ba da kuɗin ka faɗa wa babban ɗan cewa na gado ne, ba nasa shi kaɗai ba. Idan matar marigayin tana raye tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, sauran a raba wa 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. Ko su taru su yafe, ko su ce a yi masa sadaka da shi, wannan nasu ne.

Tsohon_Gardi
Ka fara da tsangayar kafin gidan marigayin. Magada suna nan ba inda za su, amma waɗanda za su iya tuna yaron tsufa suke yi.

Zango_Kumasi
Wannan na yarda da shi. Maganar gaya wa 'ya'yan ce dai har yanzu ban gamsu ba. Malam Abu_Hafsa, idan almajirin da kansa ya ce ya yafe kuma ba ya so a tayar da zancen, shi ma dole ne sai an je an faɗa musu?